Yaya mutum zai faɗi abin da ya yi a wurin aiki ba a ce yana cika baki ba?

Ɗan Sharaɗa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da mai warware mini.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Sharaɗa. Taliya, man girki, madarar gwangwani, sabulu, su ne kayanmu, dilolinmu kuma yawancinsu 'yan Kasuwar Singer ne da Sabon Gari, sai ɗaiɗaiku daga Wudil da Bichi. A 2017 aka damƙa mini makullin siton. Abin da na tarar sai dai a ce innalillahi. Duk ƙarshen wata in aka ƙirga kaya sai a ga katan talatin, wani watan arba'in, sun yi ɓatan dabo, babu wanda zai ce maka ga inda suka bi. Madara kuwa tana can ƙuryar sito wa'adinta yana ƙarewa, don 'yan lodi na bakin ƙofa suke ɗauka, wa zai shiga ciki cikin wannan zafin? In odita ya zo sai a yi ta nuna wa juna yatsa, a zaftare wa wani albashi, wata ya zagayo a sake maimaitawa.

Ban yi wani abin mamaki ba. Fenti na saya na ja layuka a daɓen siton, kowane kaya da gurbinsa, na kafa doka cewa wanda ya riga shigowa shi zai riga fita ko da yana bayan tsibi goma. Takardar fitar da kaya na mayar da ita kwafi uku: ɗaya hannun direba, ɗaya wurin mai gadi, ɗaya wurina. Ƙirgar da ake jira sai ƙarshen wata na dawo da ita kowace Asabar bayan la'asar. Da wata tsohuwar kwamfutar ƙanina na koyi Excel, manhajar nan ta lissafi, da daddare na riƙa shigar da komai. 'Yan lodi sun yi mini gaba ta kusan wata biyu, har suna suka sa mini, wai "Alƙalin Sito". Kafin shekara ta zagayo ɓatan ya dawo katan biyu ko uku a wata, wani watan ma babu ko ɗaya.

To, makonni uku da suka wuce aka kira ni intabiyu a wani kamfani a Bompai, muƙamin shugaban sito gaba ɗaya, albashin ya kusa ninka nawa. Mutum uku ne a teburin, da wata mata a tsakiya mai tabarau, ita ce ke rubutu. Da aka gama tambayoyin takardu sai ta ce, "Malam, faɗa mana abu ɗaya da ka yi a wurin aikinka wanda kake alfahari da shi." Wallahi kalmar nan ta alfahari ita ta ɗaure mini harshe. Sai na ji bakina yana cewa, "To, Alhamdulillahi, mun yi ƙoƙari bakin gwargwado, duk ikon Allah ne da haɗin kan abokan aiki." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai fa, me ka yi?" Na ce, "Hajiya, abin da ya sawwaƙa." Ta ajiye biro. Ni da kaina na ga lokacin da ta ajiye shi.

Ranar Talata na ji labarin wanda aka ɗauka. Yaron da na koya wa aiki ne da hannuna, ya yi shekara uku a ƙarƙashina kafin ya koma wani wuri. Ba na yi masa baƙin ciki, Allah ya sani, amma abin ya taɓa ni.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Ranar Asabar an ɗaura auren ƙanwar abokina a Mandawari, bayan an watse muka zauna a majalisa da manya. Kawuna ya tambaye ni ya aiki, sai na ce a raina bari in gwada buɗe baki tunda rufe shi ya cuce ni. Na fara ba da labarin katan arba'in da suka koma biyu. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni a gaban mutane ya ce, "Kai, yabon kai jahilci. Ka bari wasu su faɗa. Kuma ka riƙa tsoron baki." Aka yi dariya, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi shiru a Bompai na rasa aiki, na yi magana a Mandawari na sha kunya. Mu da aka raina da cewa kada ka ce "ni", ina za mu sa kanmu?

Tsohon Darakta:

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta labarinka har sau biyu, kuma na san matar nan mai tabarau ko da ban taɓa ganinta ba, domin na zauna a irin kujerarta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, mafi yawansu a Sakatariyar Audu Bako, kuma a shekarun ƙarshe kusan duk kwamitin ƙarin girma na ma'aikatarmu ina ciki.

Bari in faɗa maka abin da ke gabanmu a teburin. Takarda ce mai gurabe, kowane gurbi da makinsa. Mutum ya shigo, muna da minti goma ko sha biyar da shi, a waje kuma ga wasu ashirin suna jira a kan benci. Babu gurbin kunya a takardar nan. In ka ce "mun yi ƙoƙari", ni ban san ko kai ne ka ja ragamar ba ko kana gefe kana cin gyaɗa. Ba mugunta ce ta sa ta ajiye biro ba, ba ka ba ta abin rubutawa ba ne.

Haka muka yi ta fama da fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikaci a kowace shekara. Akwai sashen da ma'aikaci zai cike da kansa ya bayyana ayyukan da ya yi. Mutanenmu sai su rubuta layi ɗaya, wai "duk aikin da aka sa ni". Na taɓa mayar wa wani akawu fom ɗinsa sau uku. Mutumin nan shi kaɗai ya tsara fayilolin fansho na sashenmu da suka yi shekaru a jibge cikin ƙura, amma ya kasa rubuta hakan, yana ganin rashin ta ido ne. Kuma ka san a matakan albashi na tsakiya sai ka shekara uku kafin a sake duba ka. Ka ga kunyar minti biyar ta ci shekara uku ke nan.

Abin da na lura da shi a tsawon zaman nan, masu cika baki siffanta kansu suke yi. "Ni haziƙi ne, ni mai gaskiya ne, babu kamata a ofishinmu." Wannan shi kunne yake ƙi, kuma shi kawunka yake nufi da jahilci, domin babu yadda za a yi in tabbatar. Wanda ya san aikinsa kuwa labari yake bayarwa: ga yadda na tarar, ga abin da na yi, ga yadda na bari. Duba abin da ka rubuta mana a sama. Fenti, kwafi uku, ƙirgar Asabar, katan arba'in sun koma biyu. Ina fariya a nan? Ko kalma ɗaya ba ka yabi kanka ba, amma da ni ne a teburin da na cika shafi. Ka riga ka iya amsar, a gabanmu ka faɗe ta, a gabansu ne ka ɓoye.

Maganar "mun" da "na" kuma, ka ba kowa haƙƙinsa. Abin da kai ka yanke shawararsa ka ce "na". Abin da aka yi tare ka ce "mun", ka kuma ambaci waɗanda aka yi da su. "Na kawo tsarin kwafi uku, mai gadinmu kuma ya riƙe shi da gaske, ba don shi ba da bai yi aiki ba." Mai irin wannan magana mun fi yarda da shi a kan mai cewa shi kaɗai ya yi komai.

Masu ƙarin gishiri kuwa tambaya ta biyu ce ke kayar da su. Wani ya taɓa ce mana shi ya jagoranci gyaran wasu azuzuwa a ƙaramar hukumarsu. Abokin zamana ya ce, "Madalla, buhun siminti nawa aka ci?" Sai ya hau kallon silin. Kai in aka tambaye ka wane irin fenti ka saya, har shagon za ka faɗa. Wannan ita ce garkuwarka.

Alhamdulillahi kuma kada ka bar ta. Ka fara da ita, ka rufe da ita, amma ka sa wani abu a tsakani.

Hajiyar Kwari:

Ɗana sannu da haƙuri. Ni ban yi boko mai nisa ba, 'yata ce ke rubuta mini wannan ina faɗa mata. Atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari shekara ashirin da wani abu.

Darakta ya yi gaskiya a kan ofis, amma kada ka ga laifin kawunka. Majalisa ba wurin wannan ba ce. A cikin waɗanda ke zaune a tabarmar nan akwai wanda ɗansa ya gama digiri shekara biyar yana zaune a gida, akwai wanda aka sallama daga aiki bai faɗa wa kowa ba. Kai kana lissafin katan, shi abin da yake ji daban. Da aka ce maka ya aiki, gaisuwa ce, amsarta "da godiya". Ba a buɗe dila a bakin titi, sai mai saye ya shigo shago ya zauna.

Mu a kasuwa ba mu da takardar da za mu nuna. In Alhaji zai ba ka kaya bashi na miliyoyi, ba zai tambaye ka kai wane ne ba, zai aika a tambayi maƙwabtan shagonka. Abin da suka faɗa shi ne takardarka. Akwai yaron shagona, lokacin da ruwa ya shiga Kwari a daminar 2022, shi ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana ɗora kayana a saman kanta da benci, ni ina gida ban ma san abin da ake ciki ba. Maƙwabtana da yawa sun tafka asara, ni turmi kaɗan ne suka jiƙe. Da gari ya waye bai ce mini shi jarumi ba ne. Cewa ya yi, "Hajiya, dila goma sha ɗaya na ɗaga, ɗaya ta jiƙe ta ƙasa, ga ta can na shanya." Ka ji fa, ya faɗa mini abin da ya yi daidai, bai ɓoye ba, bai ƙara ba, har da wadda ta jiƙe. Da ya yi shiru da ban san ƙimarsa ba. Bara da ya tashi buɗe nasa shagon, ni na ɗauke shi na kai shi wurin Alhajin da ke ba ni kaya, na ba da labarin nan da bakina. Shi yana tsugune a gefe bai ce uffan ba.

Kai ina shaidunka? Dilolin Singer ɗin nan da suka daina samun madara mai ƙarewar wa'adi, ba za su faɗi alheri a kanka ba? Manajanka fa? In kuna zaman lafiya ka roƙe shi ya rubuta maka takarda ya sa lissafin a ciki. Bakin wani ya fi naka nauyi a kan kanka, ko a ina ne.

Maganar baki kuwa, ni dai na yarda da ita. Ka riƙa addu'o'inka na safe da yamma.

Almajirin Madabo:

Malam, abin da ya ɗaure maka harshe ina jin tsoron riya ne da ayar da ke cikin Suratun Najmi, aya ta 32, inda Allah ya hana mu tsarkake kawunanmu. Tsoron yana da kyau, amma a duba mahallinsa. Ayar tana magana ne a kan mutum ya riƙa shaidar kansa da taƙawa da tsarkin zuciya, abin da Allah kaɗai ya sani. Adadin katan da suka ɓace a sito ba ya cikin gaibu, yana cikin leja.

Ka koma Suratu Yusuf, aya ta 55. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. Ka lura da aikin da ya nema, ai kula da rumbuna ne, sana'arka ke nan. Siffa biyu kawai ya ambata, su ne kuma waɗanda aikin ke buƙata. Bai kawo nasabarsa ba, alhali shi ɗan Annabi Yaƙubu ne, bai kawo kyawunsa ba. Kuma ya faɗa ne ga wanda ke da ikon naɗawa, a lokacin da shekarun fari ke tafe. Malamai sun kafa hujja da wannan ayar a kan halaccin mutum ya bayyana ƙwarewarsa idan akwai buƙata kuma ba a san shi ba.

Har ma ina ganin akwai wani haƙƙi a nan da ba ka duba ba. Mutanen Bompai amana suke neman wanda za su ba. In wanda ya fi cancanta ya ɓoye kansa, ya bar su su zaɓa cikin duhu. Wannan karon Allah ya sa yaronka ne, ya iya aikin. Da wani ne mai daɗin baki kawai fa?

Riya aikin zuciya ce. Mutum yana iya yin shiru don a ce masa mai tawali'u, ka ga ita ma ta shigo ta bayan gida. Allah ya tsare mu.

Direban Hotoro:

Ku dai kuna ta wahalar da bawan Allah. A garin nan intabiyu ai cika sharaɗi ne, tun kafin a buga talla an san mai aikin. Ka binciki yaron nan ka gani ko ba shi da wani kawu a ciki. Ni shawarata ka nemi hanya, ka bar batun iya magana.

In kuma koyon cika baki kake so, ka zo in kai ka gidan dambe na Ado Bayero Square ka ji yadda 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada ke yi wa kansu kirari. Can babu mai cewa yabon kai jahilci. Sai dai fa in ka gama kirarin dole ka shiga fili, in aka kai ka ƙasa kowa ya gani.

'Yar Tarauni:

Yaya Ɗan Sharaɗa, na ji ka sosai, mu mata namu ma ya fi naku. Namiji in ya faɗi aikinsa a ce yana da fankama, mace in ta faɗa a ce ba ta da kunya, rawar kai ta yi mata yawa. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti mai zaman kansa nake aiki, kuma sau biyu ina kallo ana ba wa wasu shugabancin sashe saboda ni in an zo taro sai in sunkuyar da kai.

Abin da ya taimake ni ƙaramin littafi ne na naira ɗari biyu. Duk Juma'a kafin in tashi ina rubuta abin da na yi a makon wanda ya wuce aikin yau da kullum, da kwanan wata. Ba don kowa ba, don kaina. Dalili, ranar da aka tambaye ka ba kunya kaɗai ke kama ka ba, har da mantuwa, sai ka fito ka hau adaidaita sahu sannan abubuwa su riƙa faɗo maka. Da littafin nan na gano cewa ni na sauya yadda muke jera samfurin jini har sakamakon da ke kwana ya koma fita a yini ɗaya. Na manta ma ni na yi.

Na biyu, ka faɗa da ƙarfi kafin ranar. Ni a gaban yayata na riƙa yi, tana dariya, har bakina ya saba da cewa "na yi". Karon farko ji na yi kamar na yi saɓo. In da Turanci za a yi intabiyun ka gwada da Turancin, don wani lokacin ya fi sauƙi, kamar ba kai ke magana ba. Kuma ka tsaya in ka gama. Mu matsalarmu in mun faɗi abin kirki sai mu bi shi da "amma dai ba wani abu ba ne", mu rushe abin da muka gina da hannunmu.

Sai dai ka yi hankali da ɗaya gefen. Ka shiga LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ka ga yaranmu, mutum ya je bita ta kwana biyu ya dawo ya rubuta shafi guda da hotuna takwas. Irin wannan shi ke sa masu aikin gaske su ƙara jin ƙyamar magana.

Direban Hotoro, ba a musa maka akwai hanya ba. Amma kamfanin ɗan kasuwa da kuɗinsa ke zuba ba ya ba ɗan uwa makullin sito haka kawai, ya san abin da zai biyo baya. Kuma ko mai hanyar ne zai kai ka, sai ya san abin da zai faɗa a kanka.

Ɗan Sharaɗa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Darakta, maganarka ta cewa a gabanku na faɗi amsar ta hana ni barci. Na koma na karanta abin da na rubuta, sai na ga lallai minti biyu ma ba zai ci ba in da na faɗe shi a can. Allah gafarta Malam, ban taɓa kawo wa raina cewa Annabi Yusuf aikin rumbu ya nema ba, na faɗa wa matata ta ce to ai sai in daina raina sana'ata.

Direba, na bi shawararka ta wani gefen, na bincika. Jiya bayan isha'i na kira yaron na yi masa murna, muka yi hira kusan rabin awa. Ba shi da kowa a kamfanin. Na tambaye shi me ya ce wa matar nan da ta yi masa tambayar alfahari, don na san shi ma ta yi masa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Oga, ai labarinka na ba su." Wai ya ce musu ya yi aiki a ƙarƙashin wani maigida a Sharaɗa da ya ja layi da fenti a sito, ya kawo kwafi uku da ƙirgar Asabar, ɓata ya sauka daga katan arba'in zuwa biyu, shi kuma da ya koma sabon wurinsa ya ɗauki tsarin ya dasa, cikin wata shida ya ga irin sakamakon. Ya ce matar har ta tambaye shi sunan maigidan, ya faɗa, sai ta juya takardunta ta yi shiru. Bai san ni ma na je ba sai jiyan. Da na faɗa masa ya rikice yana ta ba ni haƙuri, har da cewa zai je ya yi musu bayani. Na ce kada ya soma, bai yi ƙarya ba, bai kuma ci haƙƙina ba, rabonsa ne.

Na sayi littafin da 'Yar Tarauni ta ce, sai dai yanzu ɗari biyar ne a unguwarmu. Na zauna ina tuno abubuwa, ashe suna da yawa. Lokacin kullen korona a 2020 ni na kwana sha ɗaya a siton don kada a fasa. Farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya, 'yan lodinmu da ake biya kullum da tsabar kuɗi suka ce ba za su ɗauki kaya ba, ni na zaga na buɗe wa goma sha huɗu daga cikinsu asusu a waya, na shirya da wani mai POS a bakin titi, ko yini ɗaya mota ba ta kwana da kaya ba. Wannan ko manajanmu na yanzu bai sani ba, don bai zo ba a lokacin.

Hajiya, na je wurin manajan yau da safe kan batun takarda. Ya ce in rubuto abin da nake so a sa ya duba ya sa hannu. Ka ji wata sabuwa, ni zan rubuta yabon kaina da sunan wani. Na rubuta layi shida, duk lissafi ne da kwanan wata, babu "haziƙi" babu "jajirtacce", in yana so ya ƙara da kansa.

Kawu kuwa na kai masa goro ranar Laraba, ya tambaye ni ya aiki, na ce da godiya.

Akwai wani kamfanin shinkafa a Challawa da ke neman mai kula da sito, za a rufe karɓar takardu ranar Alhamis. Baba Darakta, tambaya ɗaya ta rage: in suka ce me ya sa nake son barin inda nake bayan duk wannan gyaran, in fito fili in ce albashi ne, ko akwai yadda ake faɗa?